Makarantar Kawu da Bangon Gabas

Da izinin taubashiyata nake wannan rubutu, bayan ta ji duk abin da ke cikinsa, bisa sharaɗin ba zan kama sunan kowa ba, har da na garin da na makarantar. Abin da zan iya faɗa shi ne ƙauye ne a ƙasar Daura, tsakanin Sandamu da Baure, nesa da kwalta, sai ka sha yashi ka gaji kafin ka hango darbejiyoyin makarantar. A can na yi sakandare, kuma kawuna, wan mahaifiyata, shi ne shugabanta na farko.

Ni malamin makaranta ne a cikin Daura. Shekarun baya wani aboki ya ja ni cikin masu rubuta kundin sanin nan na intanet, wanda kowa ke iya buɗe shafi ya rubuta abin da ya sani, ba albashi sai ladan Allah. Da farko rubutu nake yi, daga baya na koma cikin masu tacewa, wato masu duba ko abin da aka yi wa shafi ya cancanci zama a kundin. Ƙa'idar ba ta da wuyar ganewa, wuyar haɗiya take da ita. Ba a tambayar ko abu na da kyau, ko yana da amfani, ko mutane na sonsa. Ana tambaya ne ko wasu da ba ruwansu da shi, jarida ko littafi ko mai bincike, sun taɓa zama sun yi rubutu mai kauri a kansa. In babu, sai a buɗe mahawara ta 'yan kwanaki, kowa ya faɗi ra'ayinsa, in ba a kawo madogara ba a goge shafin.

Shafukan makarantun sakandare sun fi komai ba mu aiki. Kowane tsohon ɗalibi da ya sami waya sai ya zo ya rubuta cewa makarantarsu ta yaye likitoci da alƙalai, babu irinta a Arewa. Ni kuwa Allah ya yi ni da taurin kai a kan ƙa'ida. Amsata ɗaya ce kullum: in gani a ƙasa, an ce da kare ana biki a gidansu. Na sa an goge shafuka da yawa, an zage ni, an kira ni maƙiyin ci gaba, wani ma ya tambaye ni ko ni a kango na yi karatu. Ban taɓa rasa barci a kan ko ɗaya ba.

Wata damina, ina duba jerin shafukan da aka sa a mahawara, sai na ci karo da sunan makarantarmu. Wani abokin aikinmu da ban taɓa gani ba, daga can wata jiha, shi ya sa ta, kuma hujjarsa daidai take da wadda ni zan bayar. Babu madogara ko ɗaya. Na karanta shafin, tun a layin farko na ji muryar Kawu, don shi kaɗai na sani yake fara kowane bayani da godiya ga iyayen yara kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

Kafin la'asar taubashiyata ta bugo. 'Yar Kawu ce, ungozoma a asibitin garin, kuma tun tana yarinya ba ta kirana da suna, sai ɗan mace, tana cewa ni bawanta ne har abada. Ta fara da tsiyar da ta saba, ta ce ashe bawanta ya zama alƙalin duniya bai zo ya kwashi gaisuwa ba. Daga nan murya ta sauya. Ta ce Kawu ne ya ji labarin wata makarantar da ba ta kai tasa shekaru ba tana da shafi, washegari ya kira ta ya ce ta ɗauko waya. Ya yi ta faɗa tana rubutawa. Ciwon suga ya riga ya cinye masa ido, ƙafa ma ta fara, kuma ita da take aikin asibiti ta san inda aka dosa. Tun da aka buɗe shafin, kullum bayan hantsi sai ya sa ta karanta masa, duk wanda ya zo dubiya kuma sai ya ce a nuna masa.

"Ɗan mace," ta ce, "kada ka bari a goge wa Baba makarantarsa yana da rai."

Na yi mata bayanin ƙa'ida, ta ce ba ƙa'ida ta tambaye ni ba. Na shiga mahawarar na rubuta cewa makarantarmu ce, shugabanta na farko kawuna ne, don haka ba zan jefa ra'ayi ba, amma ina roƙon a ƙara mini kwanaki in nemo madogara. Aka ƙara.

Na san tun farko neman zai yi wuya, saboda na san yadda aka kafa makarantar. A lokacin yaron garinmu in ya gama firamare, in ubansa na da hali ya tura shi Daura, in babu ya koma gona, da rani kuma ya tafi dako Kongolam, can bakin iyaka. 'Yan mata kam ba a ma zancensu. Kawu ya dawo daga kwalejin horon malamai ya yi ta zarya tsakanin dagaci da liman da masu unguwanni har aka ba da fili. Ƙasarmu jigawa ce, ƙasar gini sai an je kududdufin bayan gari, haka aka yi ta jigila da jakuna da mangala. Aka kira gayya, kowace unguwa ta ɗauki bango ɗaya, mata na dama fura, makaɗa na zuga samari. Da aka zo buɗewa wasu suka ce a kira 'yan jarida, Kawu ya hana. Ya ce wanda ya ba da gonarsa da wanda ya ba da ƙarfinsa don Allah suka yi, ba zai kai su rediyo ya ƙone musu lada ba. Haka ya riƙe makarantar har ya yi ritaya. Ɗalibi ya ci gasa, sai a yi masa addu'a a filin taro a koma aji. Yanzu ga ni ina neman shaidar baƙo a kan gidan da mai shi bai taɓa barin baƙo ya leƙa ba.

Na tafi Katsina, wani ɗakin karatu da ake ajiye tsofaffin jaridu a ɗaure. Na yi ta buɗe takardun da suka yi ja, suna karyewa a hannu, ina neman ranar buɗewa ko wata kyauta da aka ci. Ba ko layi. Ina shirin tashi sai na ga sunan makarantar da manyan baƙaƙe a shafin farko na wata jarida. Na duba sauran jaridun makon, ga shi nan a cikinsu, na Hausa da na Turanci, kuma sun yi ta komawa kan maganar har watanni. Irin madogarar da nake tambayar mutane ce sak. Don zumuɗi ban ko zauna na karanta ba, na fita waje na kira taubashiyata na ce mata ta kwantar da hankalinta, na samo. Ta yi guɗa a waya, ta ce ta 'yanta ni na kwana ɗaya.

Na san labarin da ke ƙarƙashin manyan baƙaƙen nan, don ina wurin. Ina aji biyu, cikin marka, an kwana an wuni ana ruwa, da safe muna cikin darasi muka ji wani gurnani kamar babbar mota ta juye kaya. Bangon gabas na ajin da ke kusa da namu ne ya kwanta a kan yara, rufin ya bi shi. Da hannu aka yi ta tono. A cikin waɗanda aka ciro ba rai har da 'yar Kawu ta fari, yayar taubashiyata, wadda don kara ko sunanta ba ya kamawa. Na tuna Kawu ya bi gidajen sauran iyayen ɗaya bayan ɗaya ya yi musu gaisuwa kafin ya zo ya zauna a ƙofar gidansa. Bayan haka garin ya ce ruwa ne, kwana ne ya ƙare, aka sake gini da bulo, ba a ƙara ta da zancen ba. Shirun ya yi kaurin da ni kaina da na karanta shafin da Kawu ya faɗa, ban lura babu ranar a ciki ba.

Na koma na zauna na karanta. A zuciyata ina cewa ba laifi, sakin layi ɗaya a kan wannan rana, a yi shi da ladabi, sauran shafin ya tsira. Sai na iso inda jaridun suka yi bayanin gini. Sun faɗi unguwar da ta ɗauki bangon gabas ranar gayya, sun faɗi sunan maginin da ya jagoranci aikin, sun ce shi ya jawo. Na san sunan. Surukin taubashiyata ne, uban mijinta, kakan 'ya'yanta, dattijon da take kai wa tuwo kullum. Ita tana goye lokacin da abin ya faru. Na ji haushin bakina da ya riga idona.

Ranar Asabar na hau babur na tafi garin. Na zaɓi lokacin da na san tana asibiti. Na sami Kawu a zaure a kan buzunsa, ya rame, rediyo a gefe, ƙafar a naɗe. Ya gane ni da sallama. Bayan gaisuwa da tambayar mahaifiyata da damina, na yi masa bayanin yadda aikinmu yake, ba tare da kwana-kwana ba. Na ce abin da ya faɗa duk gaskiya ne, ni shaida ne, amma kundin ba ya karɓar shaidar mai gida. Na ce akwai hanya ɗaya da shafin zai tsaya, na faɗa masa ita. Ya ce in karanta masa.

Na ɗauko hotunan jaridun a wayata na fara. Da na zo jerin yaran sai na tsallake sunan 'yarsa. Ya ɗaga hannu ya ce na tsallake ɗaya, in koma. Na koma na karanta. Carbin hannunsa ya tsaya na ɗan lokaci. Da na iso sunan maginin ya ce ya isa.

"Ɗana, ni na sa gasar," ya ce. "Na ce unguwar da ta riga gama bangonta, da sunanta za a riƙa kiran ajin. Shi kuma ya ɗora ɗanyen tubali a kan ɗanye, bai bari sahun ƙasa ya sha rana ba, don kada a bar unguwarsu a baya. Na gani da idona na kau da kai, ina son a buɗe kafin ruwa ya sauka. Da hannuna a ciki, da hannunsa, da ƙaddarar Allah a sama. Ɗan jarida hannu ɗaya ya gani."

Ya ba ni labarin abin da mu yara ba mu sani ba. Bayan an yi addu'ar bakwai, manyan gari suka zauna da dagaci da liman, don har samarin wasu unguwanni sun fara maganar a kori mutumin daga gari. Iyayen yaran da suka rasu ne suka fara cewa sun yafe, aka yi alkawari ba wanda zai ƙara faɗin bangon na wace unguwa ne. Jaridun da suka shigo garin aka bi aka tattara. Shekaru da yawa bayan haka, da ɗan maginin ya aiko neman auren ƙaramar 'yar Kawu, wasu dangi suka yi gunaguni a ɓoye, shi kuwa ya bayar, ya ce yana son ƙofar ta rufu da kyau.

Ya tambaye ni ko za a iya sa jaridun a bar sunan. Na ce ni zan iya barinsa, amma duk madogarar da aka sa, mai karatu na iya bin ta ya gani, kuma shafin ba nawa ba ne, gobe wani daga ko'ina zai iya zuwa ya ƙara, in dai jarida ta faɗa ba ni da ikon cirewa. Ya tambaya ko jikokinsa za su iya gani. Na ce duk mai waya zai iya. Daga can makarantar na ji ƙarar yara sun fito hutun ƙarfe tara, don ana darasin Asabar na masu jarrabawa.

"To a bar shi ya tafi," ya ce.

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce Kawu, makarantun da ba su kama ƙafar taka ba suna ciki, don kawai wani babban mutum ya je ya yanke kyalle an ɗauki hoto. Na ce aikin ransa ne gaba ɗaya, kuma tarihi ba a yi masa kara. Na yi maganganu da yawa, wasu ma bai dace in yi su a gaban wan mahaifiyata ba. Ya bar ni na gama. Ya ce ya so shafin nan fiye da yadda ya kamata tsoho ya so abin duniya, ba zai yi mini ƙarya ba, ya so ya ji an ce sunan makarantarsa na inda duniya ke karantawa. Amma jikokin nan jininsa ne, jinin maginin ne, ba zai bar musu abin da za su ɗaga ido su dubi kakansu da shi ba. Ya ce makarantar tana nan inda take, jibi da safe za a buga ƙararrawa.

Sannan ya ce kada in gaya wa taubashiyata. Na ce ai na riga na ce mata na samo, ni za ta ɗora wa laifi. Ya yi ɗan murmushi ya ce ai ni taubashinta ne, na saba shan zaginta, in ƙara da wannan.

Na koma Daura na rubuta a mahawarar cewa ba ni da abin da zan gabatar. Na zaɓi kalmomin da kyau don kada in yi ƙarya, ko da yake na san shirun nawa ba abin da nake koya wa sababbin marubuta ba ne. Abokan aikina suka yi abin da ya dace da abin da ke gabansu, kowa ya rubuta a goge, wasu har da yaba mini cewa ban yi son kai ba. Wannan yabo ya fi zagin da na sha a baya ciwo. Wata safiya na buɗe, shafin babu.

Taubashiyata ta bugo a ranar. Ta ce na ce na samo. Na ce abin da na samo bai yi ba. Ta tambaya ko bai yi ba ne, ko kuwa ina tsoron a ce alƙali ya yi wa gidansu alfarma. Na tuna abin da Kawu ya ce, na bar ta da zarginta.

"Baba ne ya koya maka karatun da ka goge shi da shi," ta ce, ta kashe wayar.

Daga ranar ta daina ce mini ɗan mace. In mun haɗu a sha'anin dangi sai ta gaishe ni da Malam, ta tambayi iyali, ta wuce. Ban taɓa sanin ladabi na iya zama duka ba sai a wurinta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai na gan shi ne wata rana da na kai mahaifiyata dubiya. Ashe taubashiyata ta ɓoye wa Kawu cewa an goge, tana tsoron kada labarin ya ƙarasa shi. Ta ajiye rubutun a wayarta. Bayan hantsi ya yi sai ta zauna kusa da shi, ta buɗe, ta ce ga shi nan yana nan daram, ta fara karantawa tun daga godiya ga iyayen yara. Ta dube ni da gefen ido tana gargaɗina kada in yi magana. Shi kuma, wanda da bakinsa ya ce a bar shi ya tafi, ya jingina da bango yana gyaɗa kai, yana cewa madalla, har yana tambayarta ko mutanen wasu ƙasashe ma na gani. Ta ce suna gani. Na tashi na fita bayan gida na tsaya wajen rumbu, don ba zan iya zama ba.

Kawu ya rasu da kaka, ana cikin yankan gero. Mutane suka bar gonakinsu, tsofaffin ɗalibai suka zo daga Daura da Baure da wurare masu nisa, har sahu ya fita daga filin ya shiga gonar wake. A maƙabarta, bayan an sa shi an jera itace a kan ramin, sai aka zo kwaɓa ƙasar da za a toshe kafofi da ita. Samari sun riga sun naɗe hannun riga, sai wani tsoho ya ratso su yana dogara sanda. Surukin taubashiyata ne. Ya ajiye sandar, ya durƙusa da ƙyar, ya ture hannun samarin. Na ji wani dattijo a bayana yana raɗa wa na kusa da shi cewa rabon mutumin nan da ya taɓa ƙasar gini tun daminar da bangon ya faɗi.

Ni ne ke riƙe da jarkar ruwa. Ya yi ta murza ƙasar da hannuwansa, yana tsince tsakuwa yana yarwa, ya dunƙula ya matse ya ga ba ta yi masa ba ya mayar. Ya bi itacen ɗaya bayan ɗaya yana liƙewa, ya sa yatsa ya laluba ko da sauran kafa, ya koma baya ya sake shafewa. Rana ta take, jama'a na tsaye, ga amfanin gona a zube yana jiransu, amma ko liman bai ce a hanzarta ba. Can ya ɗago ya dube ni, gemunsa jiƙe da hawaye.

"Ƙaro ruwa kaɗan, ɗana," ya ce. "Kada a yi gaggawa."

Na durƙusa kusa da shi na zuba masa a hankali.